Sharhi kan na'urar Multicorer mai bututu takwas: gwana ce a lakar gangaren nahiya, yashin dandamali kuwa yana ba ta wahala

Mai nazarin foraminifera masu rai a ƙasan teku, jarinsa kusan duka yana cikin santimita 1 ko 2 na saman laka. Nan mafi yawansu suke zaune, nan abincin da ke gangarowa daga saman ruwa yake sauka, kuma wannan fatar ta sama ce ta fi saurin watsewa da zarar ƙarfe mai nauyi ya doso ta. Foraminifera halittu ne masu ƙwayar rai guda, yawancinsu ba su wuce girman ƙwayar yashi ba, suna yi wa kansu kwanso da sinadarin alli ko kuma su manna ƙwayoyin yashi su rufe jikinsu. Kwanson yana daɗewa a cikin laka bayan mai shi ya mutu, shi ya sa ake karanta zurfin ruwa, yawan iskar oksijin da yanayin teku na da daga gare shi. Saboda wannan fatar ta sama aka ƙera na'urar Multicorer, mai ɗebo samfurin laka daga ƙasan teku a cikin bututu, kuma da ita ya kamata a auna ta.

Sai an san wurin aikin kafin a gane inda na'urar take da ƙarfi. Dandamalin nahiya shi ne shimfiɗaɗɗen ƙasan teku da ke farawa daga gaɓa ya tafi a hankali, karkatarsa kusan kashi 1 cikin 10 na digiri, har ya kai leɓensa, wanda a matsakaici yake wajen zurfin mita 130. Daga leɓen sai gangaren nahiya ya karɓa, da karkatar kusan digiri 4, ya sauka zuwa mita 2,000 ko 3,000. Ƙasan waɗannan wurare biyu ba iri ɗaya ba ne. A dandamali ana samun yashi, ɓaraguzan kwanson kifi da katantanwa, da ɗamarar laka a gaban bakin manyan koguna. Can wajen leɓe kuma sau da yawa tsohon yashi ne da ya kwanta tun lokacin da teku ya ja baya da kusan mita 120, shekara 20,000 da suka wuce, ruwa ya dawo ya rufe shi bai kawo sabuwar laka a kansa ba. Gangare kuwa galibi laka ce mai laushi, ruwan toka ko mai ɗan kore.

Asalin ƙirar ta Barnett da Watson da Connelly ce, daga cibiyar nazarin halittun teku da ke kusa da Oban a Sikotland, suka wallafa bayaninta a 1984. Ta farkon tana ɗaukar bututu 12 masu faɗin kusan santimita 6. Wadda muke magana a kai ita ce samfurin da ya fi yawa a jiragen bincike yanzu: bututu 8 na roba mai tauri garau, wato polikabonet, faɗin kowanne kusan santimita 10, tsawonsa 60 zuwa 70. Kamfanoni irin su Ocean Instruments a Amurka, KC Denmark, da Oktopus a Jamus suna ƙera ta, kowa da ɗan bambancinsa a wajen murfi da maƙalar bututu, amma tushen aikin ɗaya ne. Akwai firam na ƙarfe mai ƙafafu da ya buɗe kamar gizo-gizo. A tsakiyarsa akwai sanda da kan na'urar yake zamewa a kanta, kan yana ɗauke da bututun da faranten dalma masu ƙara nauyi. Sai silinda mai cike da ruwa da fistin a ciki, wadda take aikin birki. Kowane bututu yana da murfin sama mai zoben roba, da hannu mai sifirin da ke juyowa ya toshe shi ta ƙasa.

Wannan birkin shi ne zuciyar na'urar. Macafkin Van Veen, wanda aka ƙera tun 1933, da akwatin ɗebo laka, dukansu suna faɗowa ne da nauyinsu, suna turo ruwa a gabansu. Kafin ƙarfen ya taɓa ƙasa, ruwan da ya turo ya riga ya share laka mai sauƙi ta sama ya watsa ta gefe, tare da halittun da ke cikinta. Multicorer ba ta yin haka, domin ƙafafun firam ne suke fara sauka, nesa da inda bututun za su shiga. Sai igiyar ƙarfe ta saki, kan ya fara sauka da nauyin dalma, ruwan silinda yana fita ta ƙaramin rami yana hana shi gudu, bututun su nutse cikin laka sannu a hankali, bakinsu na sama a buɗe domin ruwa ya wuce. Idan aka fara ja, murfin sama ne yake fara rufewa, ya riƙe lakar kamar yadda yatsa ke riƙe ruwa a cikin tsinken shan lemo, sannan da bututun sun fito daga ƙasa hannun ƙasa ya juyo ya toshe. Bett da abokan aikinsa sun kwatanta na'urorin a 1994, suka nuna akwatin ɗebo laka yana kawo ƙananan halittu ƙasa da abin da Multicorer ke kawowa daga wuri guda.

Ko kafin nan, a shekarun 1980, masu bincike a arewa maso gabashin Atilantika sun riƙa ganin wani koren abu mai laushi kwance a saman lakar da ke cikin bututun, wato ragowar ƙananan tsirran ruwa da suka mutu a sama suka zubo. A cikinsa aka tarar da ƙananan foraminifera irin su Epistominella exigua da Alabaminella weddellensis sun yi yawa ƙwarai. Tsofaffin na'urori suna hure wannan shimfiɗa ne tun kafin su kai gare ta. Duk wanda ya taɓa ganin bututu ya fito da ruwa garau a sama, ramukan tsutsa a buɗe, ƙananan bututun halittu a tsaye kamar ba a taɓa su ba, ya san dalilin da ya sa masu wannan fanni suke girmama na'urar.

Sai dai ba ta yin aikin ita kaɗai, rabinsa yana hannun mai winci, wato injin da ke saki da naɗe igiyar ƙarfen. Ana ɗana murafen sama da hannayen ƙasa duka takwas, a duba kowanne ya kama, a cire fil ɗin tsaro a lokacin da na'urar ta rataya a gefen jirgi. A sauke ta cikin ruwa a tsaya a mita 10 ko 20 na ɗan lokaci, iska ta fita daga silinda ruwa ya cika ta. Idan iska ta maƙale a ciki birkin ba zai kama ba, kan zai faɗa cikin laka da ƙarfi. Daga nan a sauke da gudun kusan mita 1 a daƙiƙa. Idan ya rage mita 50 a kai ƙasa, a tsaya minti 1 ko 2 na'urar ta daina lilo ta daidaita a ƙarƙashin jirgi, sannan a ƙarasa da mita 0.3 zuwa 0.5 a daƙiƙa. Ana gane ta sauka ne daga ma'aunin nauyin igiya, wanda zai faɗi nan take. A ƙara sakin igiya 'yan mitoci domin motsin jirgi kada ya fizge ta, a jira daƙiƙa 30 zuwa minti 1 bututun su gama shiga, a ja a hankali, kamar mita 0.2 a daƙiƙa, har ma'aunin ya nuna ta ɓalle daga laka. A zurfin mita 1,000 saukar kawai tana cin kusan minti 17, hawa ma haka, don haka a lissafa kusan awa guda ga kowace jefawa. Sakin igiya fiye da kima yana da nasa sharrin: takan naɗe ƙafar firam ko ta murɗe, na'urar ta taso a karkace.

Kafin a yi murna, a duba bututun tun suna maƙale. Samfuri mai kyau yana da laka santimita 20 zuwa 40, ruwan da ke kanta garau, fuskar lakar a kwance, kuma ana ganin siririn layi mai ruwan ƙasa a sama kafin launin ya koma toka ko baƙi-baƙi, alamar iyakar inda oksijin yake kaiwa. Ruwa mai duhu yana nufin an girgiza samfurin ko murfin sama bai kama ba. Fuska a karkace tana nufin firam ya zauna a gicciye. Idan aka ga layin ruwan ƙasa sau biyu, ɗaya a sama ɗaya a tsakiya, to na'urar ta taɓa ƙasa ta tashi ta sake sauka, abin da ke faruwa idan teku yana da manyan igiyoyi jirgi yana hawa da sauka. Irin wannan bututu a zubar da shi, ko da ya cika. Ya fi bututun da ya zo fanko haɗari, domin yana kama da samfuri na ƙwarai.

Raunin na'urar yana bayyana ne a yashi, kuma masu sayenta don aikin dandamali su san wannan tun da wuri. Laka tana manne da bangon bututu ta toshe shi da kanta. Yashi ba ya mannewa, ruwa yana ratsa shi, don haka a ɗan lokacin da ke tsakanin fitowar bututu daga ƙasa da rufewar hannu, yashin yana iya zubewa duka. Ga shi kuma yana da tauri: bututu 8 suna raba nauyin dalmar a tsakaninsu, kowanne ya shiga santimita 5 ko 8 kawai, abin da bai isa ya riƙe kansa ba. Akwai dabaru biyu. Na farko a ƙara dalma. Na biyu, wanda ya fi aiki, a rage bututun zuwa 4, a jera su daura da juna domin nauyin ya daidaita, kowanne ya samu ninkin ƙarfin da yake samu da. A yashi mai laka-laka wannan yakan wadatar. A tsantsar yashi mai gautsi, ko inda ɓaraguzan kwanso suka yi yawa, ba abin da zai fitar da ita: gutsuren kwanso ɗaya ya shiga tsakanin bakin bututu da hannun ƙasa, ruwa ya tsiyaye a hanyar hawa, ya ja ƙananan ƙwayoyin ya bar manya. Tsakuwa kuwa fasa bakin bututun take yi. A irin waɗannan wurare akwatin ɗebo laka irin na Reineck ko macafkin Van Veen mai ƙofar sama su ne mafita, a ɗebi samfurin daga cikinsu da ƙaramin bututu, a rubuta a takardar tasha, wato wurin da aka ɗebi samfurin, cewa saman ba lallai ya cika ba. Wannan rubutun yana da muhimmanci, domin idan aka zo kwatanta tashoshin dandamali da na gangare, wani ɓangare na bambancin da za a gani na na'ura ne.

A laka mai ruwa-ruwa matsalar takan juye. Inda kogi ke zubo laka da yawa, ko inda oksijin ya yi ƙaranci a saman gangare, ƙafafun firam suna nutsewa, bututun su cika har murfi, saman da ake nema ya fita ta sama ko ya matse. Maganin shi ne a rage dalma, a ɗaura faffaɗan katako ko faranti a ƙarƙashin ƙafafun, a kuma matsar da abin da ke tsayar da kan domin kada ya sauka har ƙarshe. A bangon kwazazzaban teku da ke tsaga gangare, inda karkata ta yi tsanani, firam yana iya zamewa ko ya kife, kuma babu gyaran da ke hana wannan sai sauya wuri. A duba taswirar zurfi da na'urar amsa-kuwwa a nemi ɗan fili. Wata matsalar ita ce rufewar murafe tun a tsakiyar ruwa, idan jirgi ya nutsa cikin igiyar ruwa igiyar ƙarfe ta saki na ɗan lokaci. Bututun za su dawo a rufe da ruwa zalla. Laka mai iskar gas ta methane kuma tana tsagewa a hanyar hawa saboda matsin ruwa ya ragu iskar ta kumbura, zurfin da aka auna a cikinta ba abin dogaro ba ne sosai.

Da ta hau jirgi, abu na farko a mayar da fil ɗin tsaro kafin kowa ya sa hannu. Kan yana ɗauke da dalma mai nauyin gaske, sifirin ɗin hannayen ƙasa kuma yana iya karya yatsa. Cire bututu aikin mutum biyu ne: ɗaya ya riƙe, ɗaya ya zura toshiyar roba ta ƙasa a daidai lokacin da ake janye hannun, murfin sama yana rufe har sai toshiyar ta zauna. A ɗauke shi a tsaye. Ruwan ƙasan gangare yana da sanyi, sau da yawa ƙasa da digiri 10, don haka bututun da aka bari a rana yana ɗumama cikin mintoci, oksijin ɗinsa ya canja, halittun ciki su fara ƙaura sama ko ƙasa. Ɗakin sanyi ko aƙalla inuwa da rigar tawul, sannan a fara yanka cikin awa guda.

Ana zuƙe ruwan sama da siririn tiyo, a bi da shi ta rariya mai ramin maikuromita 63 (maikuromita kashi 1 cikin 1,000 ne na milimita), abin da ya tsaya a haɗa shi da yankin farko, domin wasu foraminifera suna tashi cikin ruwan. Santimita na ƙarshe na ruwan a cire shi da sirinji, a hankali. Sai a ɗora bututun a kan fistin da ke turo lakar sama, a sa zobe mai tsayin da ake so a baki, a turo laka ta cika zoben, a yanke da siririn faranti. Tsarin da ya fi amfani ga nazarin inda kowane nau'i yake zaune shi ne rabin santimita har zuwa santimita 2, sannan santimita ɗai-ɗai har zuwa 10. Fistin mai zare, wanda kowane juyi yake turo adadi sananne, ya fi wanda ake turawa da hannu nesa ba kusa ba, kuma idan kamfani yana sayar da shi daban, a saya. Bututu mai faɗin santimita 10 yana da fili santimita murabba'i 78.5, don haka yankin santimita 1 ya kai kusan mililita 78. A auna faɗin cikin bututun da kai, domin wasu ana kiransu na 10 alhali cikinsu 9.5 ne, filinsu kusan 71, bambancin da ya kai kashi 10 cikin 100 a lissafin yawan halittu. Ga samfurin da za a auna shekarunsa ko sinadaransa, a kankare gefen yankin a zubar, saboda bangon bututu yana jan lakar sama zuwa ƙasa yayin shiga. Ga ƙidayar halittu kuwa a bar shi duka, domin lissafin fili ya tsaya daidai.

Rini shi ne mataki na gaba, kuma nan ne samfuri mai kyau yake yawan lalacewa. Tun 1952 da Walton ya kawo dabarar, ana amfani da rinin Rose Bengal don bambanta kwanson da ke da nama a ciki da wanda ya daɗe da mutuwa. Ƙa'idar FOBIMO ta 2012, wadda masu bibiyar lafiyar teku da foraminifera suka amince da ita, ta tsayar da giram 2 na rinin a kowace lita ta etanol mai ƙarfin fiye da kashi 70, a bar samfurin a ciki aƙalla kwana 14. A zuba etanol da ya kai yawan lakar ko ya fi, domin ruwan da ke cikin lakar yana tsinka shi. A girgiza kwalbar a hankali har babu dunƙule. Dunƙulen da ya rage, cikinsa ba zai rinu ba kuma zai ruɓe. Wanda ya zaɓi fomalin dole ya kashe tsaminsa da boras, in ba haka ba kwanson alli zai narke a kwalba. Rinin ma yana da aibinsa: yana kama naman da ya mutu amma bai ruɓe ba, kuma a ruwa mai sanyi marar oksijin irin wannan nama yana iya ɗaukar makonni ko watanni. Shi ya sa ake ƙirga wanda ɗakunan kwansonsa suka yi ja sosai kawai, ban da ɗakin ƙarshe da yakan zama fanko, a bar masu ɗigo-ɗigo. Inda ake buƙatar tabbaci, rinin CellTracker Green ya fi, domin sai ƙwayar rai mai aiki take sa shi haske, amma yana buƙatar a ajiye samfurin da rai a sanyin wurin da ya fito na wasu awoyi, da madubin ƙara girman abu mai fitila ta musamman.

A ɗakin gwaji ana wanke samfurin a rariyar 63 da ruwa marar ƙarfi. Kada a murza da yatsa, kada a sa shi a injin girgiza da sauti, domin masu kwanson yashi suna wargajewa. Tsakanin samfuri da samfuri a tsoma rariyar cikin shuɗin rini na metilin, duk kwanson da ya maƙale ya fito daga baya za a gan shi shuɗi a san baƙo ne. Ƙa'idar FOBIMO ta ce a ƙirga abin da ya wuce maikuromita 125, saboda sauri. A ganinmu, a gangare wannan yana zubar da abin da aka sha wahalar ɗebowa: ƙananan nau'o'in da ke bin koren abincin nan, da ƙananan Bolivina na wuraren da oksijin ya yi ƙaranci, da yawansu suna tsakanin 63 da 125. A ajiye wannan kason, a ƙirga shi ko da a wasu tashoshi ne. Idan za a busar, kada zafin ya wuce digiri 50, masu laushin kwanso kuwa a tsince su a jiƙe. Ana tsinta da buroshi mai lamba 000 a ƙarƙashin madubi, a nemi aƙalla ƙwaya 300. Dalilin adadin lissafi ne: nau'in da yake kashi 1 cikin 100 na jama'ar, damar a gamu da shi a cikin 300 ta kai kusan kashi 95.

Abin da yankan ke nunawa shi ne ladan duk wannan. A saman laka ana samun masu son oksijin, irin su Cibicidoides da ke manne a kan abubuwa. Ƙasa kaɗan Uvigerina da Bulimina, can ƙasa kusa da iyakar oksijin ko ma bayanta sai Globobulimina da Chilostomella. Jorissen da abokansa sun bayyana wannan a 1995: inda abinci ya yi ƙaranci, abincin ne ke hana su nutsawa, inda ya yi yawa, ƙarancin oksijin ne ke koro su sama. Macafki yana cakuɗa wannan jeri ya zama abu guda. Haka kuma idan aka tarar da kwanson Ammonia, Elphidium ko Quinqueloculina, waɗanda mazauna ruwa marar zurfi ne, a mita 1,000, ba su rinu ba kuma sun goge, an san zaftarewar laka ce ta gangaro da su, musamman idan suna cikin siririn layin yashi a tsakiyar laka. Kason foraminifera masu yawo a saman ruwa, idan aka kwatanta da mazauna ƙasa, yana ƙaruwa daga gaɓa zuwa gangare, kuma ana amfani da shi wajen kimanta zurfin tsofaffin duwatsu. Samfurin saman da bai hargitse ba shi ne ma'aunin da ake gwada wannan da shi.

Akwai kuskuren da yawan bututun ke jawowa. Bututu 8 daga jefawa ɗaya suna cikin fili da bai fi mita 1 ba, alhali foraminifera suna zama ne tsibi-tsibi. Ƙa'idar FOBIMO ta nemi samfuri 3 a kowace tasha, a nazarci kowanne daban, kuma mun fi ganin a ɗebo su daga jefawa 3 dabam-dabam, ko da zai ci lokacin jirgi. Amfanin takwas ɗin shi ne a raba wa fannoni: ɗaya na foraminifera, ɗaya na girman ƙwayoyi, ɗaya na ruwan cikin laka, ɗaya na auna shekaru, ɗaya na ajiya. Na ruwan cikin laka a huda shi tun kafin jefawa, rami a kowane santimita, a rufe da tef, daga baya a soka mazuƙan Rhizon, siraran bututu masu zuƙo ruwa daga laka. Ga masu nazarin manyan halittu irin su tsutsotsi da katantanwa na'urar ta yi ƙanƙanta: bututun duka sun haɗa santimita murabba'i 628, macafki mai kashi 1 cikin 10 na mita murabba'i yana kawo 1,000 a cafka ɗaya.

Tsawo ma ba nata ba ne. Santimita 40 a gangare na iya zama shekaru ɗaruruwa ko 'yan dubbai, a gaban babban kogi kuwa 'yan shekaru. Wannan ya dace da sinadaran da ake auna shekarun laka da su: dalma-210, wadda rabinta ke ƙarewa cikin shekara 22.3 kuma take auna kusan ƙarni guda, da siziyam-137, wanda ya yi tsiri a 1963 saboda gwajin makaman nukiliya. A tuna halittu masu haƙa suna cakuɗa kusan santimita 10 na sama, don haka layin shekarun ba ya fita tsaf a nan. Mai neman tarihi mai nisa sai ya haɗa da dogon bututu mai nauyi ko mai fistin irin na Kullenberg, waɗanda kusan kullum suke rasa saman, a jefa su a tasha guda, a ɗinke bayanan biyu inda suka haɗu.

Wajen kula, na'urar ba ta da rigima idan an bi ta. A wanke ta da ruwan daɗi bayan kowace rana, musamman silinda da sandar tsakiya, domin gishiri da yashi suna sa kan ya cije a hanya. Inda baƙin ƙarfe marar tsatsa ya haɗu da alminiyam, ruwan gishiri yana cin alminiyam ɗin, a sa faifan roba a tsakaninsu. Kada a shafa man fetur ko girisi a kusa da bututun idan za a auna sinadaran laka. Abubuwan da suka fi mutuwa su ne zoben roba na murfin sama, sifirin ɗin hannayen ƙasa, da bakin bututu da ke ɓantarewa. A tafi da bututu aƙalla ninki biyu na abin da na'urar ke ɗauka, domin a ɗana sababbi a sake jefawa yayin da ake yanka na farko, da cikakken saiti na zobe da sifirin. Mai saye ya tambayi abu huɗu: ko ana iya cire bututu da maƙalarsa gaba ɗaya a rufe, wanda yake rage zubewa a kan jirgi ƙwarai, ko dalmar faranti-faranti ce da mutum ɗaya zai iya ragewa, ko firam ɗin yana kwancewa don sufuri, da ko tsayinsa zai wuce ƙarƙashin ƙugiyar jirgin da za a yi aiki da shi, tare da nauyin da wincin zai ɗauka lokacin fizgo ta daga laka, wanda ya fi nauyinta a iska. Ga ƙaramin jirgi da ke aiki a dandamali, samfuri mai bututu 4 ya fi dacewa. Idan akwai wurin ɗaura kyamara da fitila a firam, a ɗaura, domin hoton saukar yana nuna ko an tayar da laka. A tashar da ba a san ƙasanta ba kuma, a fara jefa macafki a ga abin da ke wurin, sannan a yanke shawarar yawan dalma da yawan bututun da za a ɗana.